Madubin hangen nesa mai inci 8: zai iya kama dutsen da ya faɗa wa Jupita daga Bauchi?

Madubin da ake magana a kai shi ne irin wanda ake kira Dobsonian, mai faɗin milimita 200, wato inci 8, da tsawon tattara haske milimita 1200. Kamfanoni da dama suna ƙera shi, kuma kusan zubinsu ɗaya ne: dogon bututun ƙarfe, babban madubi a gindi, ƙaramin madubi a karkace kusa da baki, da mazaunin katako mai juyawa hagu da dama, sama da ƙasa. Duka-duka nauyinsa kusan kilo 20, yana rabuwa gida biyu, kuma bututun yana shiga kujerar bayan mota. Yawanci yana zuwa da gilashin ido biyu, na milimita 25 da na milimita 10. Ba kayan da ake samu a Wunti ko Muda Lawal ba ne. Sai an yi oda daga waje ko ta hannun dillalai, don haka kuɗinsa yana bin dala da kuɗin kwastan.

Masu sha'awar taurari a nan sukan tambayi abu ɗaya: wannan madubin zai nuna musu irin karon da ake ji duwatsun sama suna yi da Jupita, wadda malaman falaki ke kira Mushtari? Amsar ta rabu biyu, domin karon ma iri biyu ne.

Akwai babban karo mai barin tabo. Tsakanin 16 da 22 ga Yuli 1994, gutsattsarin tauraro mai wutsiya Shoemaker-Levy 9, guda ashirin da ɗoriya, suka afka wa Jupita ɗaya bayan ɗaya da gudun kusan kilomita 60 a daƙiƙa. Gutsuren da aka yi wa laƙabi da G ya bar baƙin tabo mai faɗin kusan duniyarmu, kuma an yi makonni ana ganin tabban da ƙananan madubai. A ranar 19 ga Yuli 2009, Anthony Wesley na ƙasar Ostireliya ya ga sabon tabo kusa da ƙarshen kudancin Jupita daga gidansa, kafin manyan cibiyoyi su ankara. Irin wannan tabo, madubi mai inci 8 zai nuna shi da ido ba tare da kyamara ba. A nan ba shi da abin zargi. Da gilashin milimita 10 yana ƙara girma sau 120, kuma a daren da iska ta kwanta za ka ga manyan ɗamarori biyu masu ruwan ƙasa, da Babban Jan Tabo, wata ƙatuwar guguwa a gajimarenta, idan ya juyo, da manyan watanni huɗu masu zagaya ta, a jere. Da gilashin Barlow mai ninki biyu ka kai sau 240, kuma nan ne iyakar da sararinmu yake yarda da ita a mafi yawan darare. Duk wanda ya ce maka za ka ji daɗin sau 500 da wannan bututu, talla yake yi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar inuwar wata a matsayin tabon karo. Inuwar Io ko Ganimid, biyu daga cikin watannin Jupita, baƙa ce wuluk, zagayayya, mai kaifin gefe. Tabon karo kuwa gefensa a dushe yake, yana juyawa tare da gajimaren da ke kewaye da shi, ya dawo bayan kusan awa goma, wato tsawon juyin Jupita guda. Kafin ka sanar da kowa, buɗe manhajar Stellarium, kyauta ce, ka duba ko akwai inuwar wata a wannan mintin.

Iri na biyu shi ne walƙiya, kuma ita ce ta fi yawa. Dutse mai faɗin mita biyar zuwa ashirin yana ƙonewa a saman gajimaren, ya yi haske na daƙiƙa ɗaya ko biyu, ya ɓace ba tare da barin alama ba. Wesley da Christopher Go na Filifin sun ɗauki ta farko a bidiyo ranar 3 ga Yuni 2010. Abin da ya kamata ya ƙarfafa mai wannan madubi shi ne, walƙiyar 17 ga Maris 2016 da Gerrit Kernbauer ya kama a Ostiriya da madubi mai santimita 20 ne, haka ta 7 ga Agusta 2019 da Ethan Chappel ya kama a Texas da mai inci 8 ne. Ke nan faɗin madubin ya isa. Matsalar tana ƙasa, a mazaunin.

Mazaunin Dobsonian ba shi da inji. Duniya tana juyawa, Jupita tana zamewa daga cikin gilashi, kai kuma kana turo bututun da hannu. A sau 120 tana ratsa gilashin cikin ƙasa da minti biyu. A sau 240, ƙasa da minti ɗaya. Idan ka cire gilashin ido ka sa ƙaramar kyamarar ɗaukar duniyoyi, mai farantin haske da bai kai milimita 5 ba, tare da Barlow, abin da kake da shi kamar daƙiƙa 25 ne kafin ta fice. Wannan ya isa a haɗa hoto mai kyau. Bai isa farautar walƙiya ba, domin farautar tana son sa'o'i masu yawa na bidiyo, dare bayan dare, kuma mafi yawan masu yi ba su taɓa kama ko ɗaya ba.

Kuma Bauchi tana da nata sha'ani, domin tana kan digiri 10 ne kawai arewa da layin tsakiyar duniya. Alherin wannan shi ne Jupita tana hawa kusan tsakar ka, inda haskenta ke ratsa iska mafi ƙaranci. Turawan arewa ba sa samun haka. Sai dai tsakar ka nan ne wurin da Dobsonian ya fi taurin kai: bututun yana tsaye cak, ba ka da hannun juya shi gefe, kana turawa kaɗan sai ya ƙi, ka ƙara sai ya wuce. Ɗan madubin jagora da ke manne a jikinsa, idan miƙaƙƙe ne, sai ka durƙusa ka murɗe wuya kafin ka leƙa. Mai lanƙwasa ya fi, a nemi shi tun wajen oda. Dabarar da ke aiki ita ce a yi kallo awa ɗaya ko biyu kafin Jupita ta kai ƙololuwa, ko bayan ta gota.

Maganin zamewar shi ne faifan bin taurari da ake ɗora mazaunin a kai, mai ɗan inji da ke karkata shi a hankali na kusan awa guda kafin a mayar da shi farko. A yi hattara sosai a nan. Ana yanka faifan ne daidai da inda ƙasar mai shi take, kuma galibin na kasuwa an yi su ne don digiri 40 zuwa 55. Wanda aka yi wa Jamus ba zai bi komai daidai a Yelwa ko Fadaman Mada ba. Dole a faɗa wa mai sayarwa digiri 10, ko a samo zanen a ba kafinta mai kyan hannu. Masu komawa mazaunin ƙarfe mai nauyin daidaito su ma su bincika, domin a ƙasa-ƙasan digiri irin namu nauyin yakan bugi ƙafar mazaunin, ga tauraron arewa da ake saiti da shi yana can ƙasa kusa da doron ƙasa, inda ƙura ke binne shi.

Ƙurar kuwa ba a kauce mata. Jupita tana kusantar duniya duk bayan wata goma sha uku: 10 ga Janairu 2026, sai 10 ga Fabrairu 2027, duka a tsakiyar hunturu. Hazo mara kauri ba ya hana aiki, tunda Jupita tana da haske sosai, sau da yawa ma daren hazo iskarsa ta fi kwanciya. Hasken fitilun gari ma bai dame ta ba, ba sai ka tafi hanyar Dass ko Gubi ba. Abin da ƙurar ke yi shi ne sauka a kan babban madubin, tunda bakin bututun a buɗe yake. Kada a goge shi da tsumma ko hankici, ko sau ɗaya. Fentin alminiyon da ke kansa siriri ne ƙwarai, ƙurar kuma yashi ce, gogewa ɗaya ta bar zane har abada. Ƙura kaɗan ba ta rage gani yadda ake tsammani. Idan ta yi yawa, sau ɗaya a shekara bayan hunturu, a kwance madubin, a kwarara masa ruwa, a jiƙa shi cikin ruwa mai ɗigon sabulun ruwa, a ja auduga a kai ba tare da dannawa ba, a ɗauraye da tataccen ruwan da ake zuba wa batir, wanda ba a haɗa da asid ba, a jingine shi ya bushe. Wajen mayarwa kada a matse maƙalan nan uku da ke riƙe gefensa. Matsi yana lanƙwasa gilashin, taurari su koma masu kusurwa uku.

Zafi ya fi ƙura ɓata hoto. Madubin da ya wuni a ɗaki yana buƙatar minti 30 zuwa awa ɗaya a waje kafin ya huce, in ba haka ba Jupita za ta riƙa rawa kamar ana kallonta ta saman tukunya mai tafasa. Kada a kafa shi a kan dakalin siminti ko saman bene da ya sha rana, kada a leƙa ta saman rufin kwano ko kan duwatsun nan da suka zagaye garin, domin duk suna fitar da zafin rana har tsakar dare. Ƙasa ko ciyawa ta fi. Janareta a nisanta shi, saboda hayaƙi da girgiza. Sannan a duba daidaiton madubai duk lokacin da bututun ya sha hanya: a leƙa ta murfin daidaitawa, wato ɗan murfi mai huda da ake sawa a gurbin gilashin ido, a juya sukurori uku na bayan babban madubi har ɗigon tsakiya ya zauna a tsakiya. Minti biyar ne, amma rashinsa yana cinye rabin abin da aka biya. Mazaunin kuwa na matsattsen garin katako ne. Damina tana kumbura shi, gara tana sonsa, kada a bar shi a ƙasa a ɗakin ajiya.

Wanda ya samu faifan, aikin ya zama mai sauƙi. Manhajar FireCapture tana ɗaukar bidiyon, hoto 60 ko fiye a daƙiƙa, guntu-guntu na minti ɗaya da rabi zuwa biyu. A yanke filin ya tsaya a kan Jupita kaɗai: ɗigo 400 a 400 yana cin kusan gigabayit 35 a awa, don haka a tanadi ma'ajiya ta waje da batirin kwamfuta mai rai, kada a dogara da wutar NEPA. Da safe a ba manhajar DeTeCt bidiyon. Marc Delcroix na Faransa ne ya samar da ita tare da ƙungiyar Ricardo Hueso a Bilbao, kuma ita ta tono walƙiyar 2019 da ta 13 ga Satumba 2021 da José Luis Pereira ya ɗauka a Brazil. A aika sakamakon ko ba a ga komai ba, domin da sa'o'in da babu walƙiya ake lissafa yawan karon da ake yi da Jupita. A saita agogon kwamfuta da intanet kafin a fara, a tuna lokacin Najeriya yana gaba da lokacin duniya da awa ɗaya. Walƙiyar da ba ta da sahihin lokaci ba za a iya gwada ta da ta wani mai kallo a wata ƙasa ba, kuma sai da shaida ta biyu hankali ke kwanciya cewa ba ɗigon kyamara ne ya yi tartsatsi ba.

Abin da ake nema da wannan ƙirga ya shafe mu. Duwatsun da ke walƙiya a Jupita sa'annin wanda ya fashe a saman Chelyabinsk ta Rasha ne ranar 15 ga Fabrairu 2013, mai kusan mita 20, wanda ya raunata mutane wajen 1,500, akasari da fasassun gilasan taga. Bambancin gudu ne: na Rasha ya shigo da kusan kilomita 19 a daƙiƙa, na Jupita kuwa wajen 60 ne, don haka dutse ɗaya yana sakin ƙarfi kusan ninki goma a can. Maganar da ake yawan yi cewa Jupita garkuwarmu ce tana da gyara. Tana korar wasu taurari masu wutsiya daga tsarin rana, amma jan ta ne kuma yake fizgo duwatsu daga zoben da ke tsakaninta da Mars ya turo su wajenmu. Tauraron Lexell da ya wuce kusa da duniya a 1770, ita ta karkato shi. Karon 1994 dai ya farkar da gwamnatoci: a 1998 aka ɗora wa NASA aikin nemo manyan duwatsun da suka kai kilomita ɗaya, kuma ranar 26 ga Satumba 2022 kumbon DART na NASA ya daki Dimorphos, wani dutsen sama da ke zagaya babbansa, don gwada karkatar da dutse, ya rage zagayensa da kusan minti 32.

Kada dai wani ya sayi wannan madubi da nufin gano dutsen da ke tunkaro mu. Wannan aikin manyan cibiyoyin sintiri ne irin su Catalina da Pan-STARRS da ATLAS, wadda ta gano 2024 YR4, dutsen da ya tayar da hankali a farkon 2025 kafin ƙarin awo ya kawar da fargabar. Dutsen Apophis ma, da zai wuce ranar 13 ga Afrilu 2029 a nisan kusan kilomita 32,000, da ido za a gan shi daga Afirka, kuma saurinsa zai sa ƙaramin madubin hannu mai ido biyu ya fi wannan bututu daɗin bi.

Ga makarantar sakandare, ko ɗaliban kimiyya a ATBU, ko magidancin da ke son ya san fuskar Jupita har ya gane ranar da sabon tabo ya fito, babu madubin da ya kai shi a kuɗinsa. Mai niyyar farautar walƙiya ya lissafa faifan digiri 10 da kyamara da ma'ajiya a cikin kasafinsa tun farko. Kuma a gidan da akwai yara, murfin bakin bututun ya zauna a rufe da rana: leƙen rana ta cikinsa na daƙiƙa ɗaya yana makantarwa.