Kafin a Sayi Tsarin Raba Rumbun Takardu a Kan Sabobi da Yawa

Duk ma'aikatar da ke Abuja wadda takardunta da hotunanta suka fi ƙarfin saba guda (wato babbar kwamfutar da ake ajiye bayanai a cikinta) za ta ga 'yan kwangila sun yi mata ca, kowa na tallata nasa tsarin. Tambayar da ta kamata a fara yi musu ita ce: idan aka ƙaro sabuwar saba, ta yaya za a mayar mata da wani kaso na bayanan ba tare da an tsayar da aiki ba?

A wannan ma'auni ni manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL da aka ɗora wa Citus, wato ƙarin manhajar da ke raba ta a kan sabobi da yawa, nake zaɓa don bayanan takardu, su kuma fayilolin kansu a zuba su a Ceph, manhajar ajiye fayiloli a kan na'urori da yawa. Citus yana raba teburin bayanai bisa ginshiƙin da aka zaɓa, misali lambar sashe, ta yadda bayanan sashe ɗaya za su zauna wuri guda, bincike ba zai yi ta yawo tsakanin na'urori ba. Microsoft ta sayi kamfanin Citus a 2019, kuma tun siga ta 11 a 2022 aka buɗe manhajar gaba ɗaya, har da ɓangaren da ke sake daidaita rabo alhali ana ci gaba da shigar da bayanai. Samun injiniyan da ya iya SQL, harshen da ake sarrafa PostgreSQL da shi, ma ba wahala ba ce a garin nan. Shi kuwa Ceph, kwafi uku yake ajiyewa na kowane fayil in ba a sauya masa ba, kowanne a na'ura daban.

Sauran manhajojin rumbun bayanai kuwa kowace da nata cikas: MongoDB ba ta karɓar takardar da ta wuce megabait 16 sai ta hanyar GridFS, tsarinta na yanka babban fayil gunduwa-gunduwa, kuma sai a siga ta 5.0 a 2021 aka samu damar sauya mabuɗin rabo, wato abin da ake raba bayanai bisa shi, ɗungurungum. Cassandra ba ta haɗa bayanan teburi daban-daban a bincike guda. Vitess kuwa don rumbun bayanan MySQL na YouTube aka gina shi, ya fi ƙarfin buƙatar yawancinmu.

Inda ake cutar mutane ba a manhaja ba ne. Wani ɗan kwangila ya taɓa miƙa mana sabobi uku a takarda, ashe ƙarfe ɗaya ne aka kasa uku da manhaja, ranar da wuta ta lalata shi duka ukun suka mutu tare. Saboda haka a je ɗakin na'urorin a ƙirga su da ido, a duba lambar kowace a shafin kamfanin da ya ƙera ta, a kuma karanta sa'o'in aikin faifan ajiya, domin ana goge tokunbo a sayar a matsayin sabo. Wasu kuma kwafin bayanai iri ɗaya suke zubawa a kowace saba su ce sun raba, alhali wurin ajiya bai ƙaru ba ko kaɗan. Haka nan rabo ba ya maye gurbin ajiyar ko-ta-kwana, don abin da aka goge bisa kuskure zai ɓace a ko'ina. Kafin a biya kuɗin ƙarshe, a rubuta cikin yarjejeniya cewa za a zare wutar saba ɗaya a gaban kowa, a ga ko takardu za su ci gaba da buɗewa.