Dakar zuwa Ziganshor: jirgin ruwa ko mota?

Ƙanena da ke shirin zuwa Kaulaha Maulidi ya ce daga can zai wuce Ziganshor a Kasamans, yankin kudancin Senegal, ya tambaye ni a ƙofar shagonmu nan Maradi: "Yaya, ruwa ko ƙasa?"

Mu mutanen tudu ne, Gulbin Maradi ma rabin shekara yashi ne, don haka tsoron teku a jininmu yake. Tsoron kuwa yana da dalili. Jirgin Joola, ƙirar Jamus, ya fara aiki a 1990 yana ɗaukar mutane da motoci tsakanin Dakar da Ziganshor. Ranar 26 ga Satumba 2002 ya kife a gaɓar Gambiya da lodi fiye da kima, mutum 1,863 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. A 2008 aka kawo wani jirgin, Aline Sitoé Diatta, ya kama wannan hanyar. Kwana ɗaya kake yi a ciki, ka miƙe ƙafa, ka yi salla a natse.

Mota kuwa ta samu sauƙi tun da aka buɗe gadar Farafenni a kan kogin Gambiya a 2019, sai dai ka ƙetare iyaka sau biyu don Gambiya na tsakani, ga shingaye, ga ƙura, gwiwa a cushe.

Na ce masa ya je Dakar ya shiga jirgin, ya sayi tikiti da wuri.