Tikitin Anfield a kakar 2024/25: ƙwallon ta biya kuɗinta, samun kujerar ne jidali

Wanda ya riƙe tikitin kaka a Anfield, filin Liverpool, a 2024/25 bai yi asarar kuɗinsa ba. Wasa 19 na Firimiya tikitin ke ba mutum, kuma a cikinsu Liverpool ta ci 14, ta yi canjaras 4, sau ɗaya tak aka doke ta, ranar 14 ga Satumban 2024 da Callum Hudson-Odoi ya ci wa Nottingham Forest ƙwallo ɗaya tilo. Ƙungiyar ta gama da maki 84, ta ba Arsenal tazarar maki 10, ta ɗauki kofin lig na 20, wato ta kamo Manchester United. Duk wannan a kakar farko ta Arne Slot, wanda ya gaji Jürgen Klopp, kuma ba a ƙara masa ko ɗan wasa ɗaya mai shiga sahun farko ba. Federico Chiesa kaɗai ya zo daga Juventus, shi ma benci ya fi sani.

Ta fuskar ƙwallo ke nan. Amma abin da ake saya kujera ce, da hanyar samunta, da shiga fili da fita. A nan ne hidimar take da gyara, kuma wasan ƙarshe da Crystal Palace ranar 25 ga Mayun 2025 ya fito da kyawunta da aibinta a fili.

A fara da samun tikitin. Filin yana ɗaukar mutum dubu 61 da 'yan kai tun da aka kammala faɗaɗa ɓangaren Anfield Road, bayan faɗaɗa Main Stand da aka yi a 2016. Duk da haka bai isa ba. Layin masu jiran tikitin kaka ya daɗe a rufe, saboda haka sabon mai sha'awa ya cire ransa daga wannan ƙofar. Abin da ya rage shi ne rajistar zama mamba ta shekara-shekara, kuma mutane da yawa suna kuskuren ɗauka cewa kuɗin mamba na nufin tikiti. Ba haka ba ne. Abin da yake saya maka shi ne damar shiga ƙuri'a. Sau biyu ake babban sayarwa ga mambobi, ɗaya kafin a fara kaka don wasannin rabin farko, ɗaya wajen Nuwamba don rabi na biyu. Mutum zai yi rajistar wasannin da yake so a cikin kwanakin da aka ware, a jefa ƙuri'a, wanda ya fito a ba shi lokacin da zai shiga ya zaɓi kujera ya biya. Wanda ya bari lokacin rajistar ya wuce, sai dai ya jira kujerun da masu tikitin kaka suke mayarwa gab da wasa, waɗanda suke ƙarewa cikin 'yan mintuna.

Sai maganar tarihin halarta, wadda ita ce ƙashin bayan tsarin. Duk wasan lig da mamba ya halarta ana rubuta masa. A 2024/25, wanda ya halarci wasa 13 zuwa sama a kakar da ta gabace ta yana da tabbacin tikiti. Manyan wasanni irin na Manchester United da Everton da Manchester City, har da wasan gida na ƙarshe, an ware su ga waɗanda suka halarci aƙalla wasa 4. Dalilin a bayyane yake: a saka wa masu zuwa kullum, waɗanda suke zuwa kallon Ipswich da Southampton cikin sanyin hunturu. Illar kuma ita ce sabon shiga yana zagaye a wuri ɗaya. Ba zai sami babban wasa ba sai da tarihi, tarihin kuma ba ya taruwa sai ƙuri'a ta faɗo masa sau da yawa. Tun a Nuwamba, lokacin da Liverpool take saman tebur, aka riga aka raba mafi yawan kujerun wasan Palace. Wanda ya farga a Afrilu cewa ranar ce za a ɗaga kofi, jirgi ya bar shi.

Farashin hukuma shi kansa ba shi da tsanani idan aka kwatanta da manyan ƙungiyoyin Landan: a 2024/25 tikitin babba na wasa ɗaya daga kusan fam 40 ne zuwa fam 60 da ɗan abu, gwargwadon inda kujerar take. Tikitin alfarma, mai haɗe da abinci da ɗakin zama, shi ne hanya mafi sauƙi ga wanda ba shi da tarihi, amma ɗaruruwan fam ne, kuma wasu daga cikin ɗakunan ba ma a cikin filin suke ba, sai an ci abinci a wani wuri a kawo mutane a mota. A karanta bayanin da kyau kafin a biya. A kuma sani tikitin kaka bai haɗa da wasannin kofi ba. Daren Real Madrid na 27 ga Nuwamba, da Caoimhin Kelleher ya tare fenaretin Mbappé aka tashi 2-0, da daren Bayer Leverkusen da Luis Díaz ya ci uku rigis aka tashi 4-0, duk kuɗinsu daban ne.

'Yan bumburutun tikiti kuwa a yi nesa da su. Sayar da tikitin ƙwallo ba da izinin ƙungiya ba laifi ne a Ingila tun dokar 1994, kuma Liverpool tana rufe asusun bogi dubbai, tana hana mutane shiga filin har abada. A makon wasan Palace farashin bayan fage ya kai dubban fam. Dabarar da suka fi yi ita ce su miƙa wa mai saye wata tsohuwar waya mai ɗauke da tikitin wani, su ce ya dawo da ita bayan wasa. In an kama wayar a bakin ƙofa, mai saye ne a waje, kuɗinsa kuma sun tafi. Hanya ɗaya ce halastacciya ta karɓar tikitin wani: ya tura maka ta shafin ƙungiyar, bayan ya sa ka a jerin 'yan uwa da abokansa.

Tikitin takarda ya kau. Yanzu kati ne da ake saukewa cikin Apple Wallet ko Google Wallet, a kara wayar a jikin na'urar ƙofa ta karanta shi ta NFC. Idan komai ya tafi daidai, daƙiƙa biyu ne. Abubuwan da suke ɓata shi sanannu ne: an kashe NFC a wayar Android, ko wayar ba ta da shi gaba ɗaya, batir ya mutu saboda an yini ana ɗaukar bidiyo, katin bai sabunta ba yana nuna wasan da ya wuce, mutum ya ɗauki hoton katin yana zaton zai yi aiki, alhali na'urar ba hoto take karantawa ba, ko kuma ya je ƙofar da ba tasa ba. Maganin duk wannan a gida ake yinsa. A buɗe katin tun daren jajibiri a tabbatar sunan abokan karawa da lambar ƙofa da kujera sun fito, a cika batir, a cire kauri-kaurin rigar waya idan tana da ƙarfe ko maganaɗisu. Ofishin tikiti yana warware matsala, amma layinsa minti 30 kafin take wasa ba abin shiga ba ne. Jaka kuma in ta fi girman takardar A5 ba ta shiga, kuma ba a karɓar tsabar kuɗi a cikin filin, sai kati ko waya.

Zaɓen kujera ya danganta da abin da mutum ya zo nema. Kop, ɓangaren da ke bayan ɗaya daga cikin ragogin, wurin waƙa ne da tsayuwa daga farko har ƙarshe, mai son zama ko mai ƙaramin yaro zai sha wuya, kuma abin da ke faruwa a ɗaya ragar ba ya fita sosai daga layukan ƙasa. Mai son karanta wasa, ya ga yadda Ryan Gravenberch yake karɓar ƙwallo daga 'yan baya ya juya da ita, ya nemi tsakiyar Sir Kenny Dalglish Stand ko hawan tsakiya na Main Stand. Can ƙololuwar Main Stand ana ganin tsarin 'yan wasa tsaf, sai dai nisa da tsayi. Akwai ɗakin ibada a Main Stand ga mai son yin salla. Babban giɓin filin shi ne rashin katafaren allon maimaici. Idan VAR tana duba wani abu, rubutu kawai 'yan kallo suke gani a allon sakamako, alhali mai kallo a talabijin ya ga abin sau biyar. Na'urar gano satar gida da aka fara amfani da ita a Firimiya a Afrilun 2025 ta rage jira, amma ba ta nuna wa na cikin fili komai ba.

To, wasan ƙarshen fa? An riga an lashe gasar tun 27 ga Afrilu, ranar da aka lallasa Tottenham 5-1 bayan Dominic Solanke ya fara ci. Wannan ita ce ranar da Anfield ta girgiza da gaske. Daga nan ƙungiyar ta saki jiki: Chelsea ta doke ta 3-1, aka yi 2-2 da Arsenal, Brighton ta doke ta 3-2. Da canjaras ɗin Palace, maki 2 ke nan cikin 12. A wasan Arsenal ɗin ne wani ɓangare na magoya baya ya yi wa Trent Alexander-Arnold ihu, bayan ya sanar zai tafi a ƙarshen kwantiraginsa, kowa kuma ya san Real Madrid ya nufa.

Palace ta zo da nata farin cikin, kwana takwas da doke Manchester City 1-0 a Wembley ta ɗauki kofin FA, babban kofinta na farko a tarihi. 'Yan Palace suka jeru suka tafa wa zakarun lig, sannan 'yan Liverpool suka jeru suka rama musu. Abu ne mai kyau da ba a saba gani ba. Ƙwallon ita kanta ba ta kai bikin ba. Ismaila Sarr ya ci a minti na 9 bayan Liverpool ta yi sakaci da ƙwallo a gidanta. Alexander-Arnold ya shigo bayan hutun rabin lokaci, wannan karon da tafi, kuma shi ya fi kowa buɗe bayan Palace da dogayen ƙwallayensa. A minti na 68 aka ba Gravenberch jan kati da ya kayar da Daichi Kamada yana shirin tafiya shi da gola. Da mutum goma Mohamed Salah ya farke a minti na 84, aka tashi 1-1. Ƙwallonsa ta 29 ke nan a lig, ga taimako 18, jimilla 47, abin da ba a taɓa yi ba a kakar wasa 38. Ya ɗauki takalmin zinare karo na huɗu, daidai da Thierry Henry.

Abin da mutane suka biya dominsa ya zo bayan usur. A 2020 an ɗaga kofin ne a fili babu kowa saboda korona, saboda haka rabon magoya baya da ganin kyaftin ɗinsu ya ɗaga kofin lig a gabansu tun 1990. Alan Hansen, kyaftin na wancan lokacin, shi ya miƙa wa Virgil van Dijk kofin, Klopp yana kallo daga cikin 'yan kallo. An tsara bikin da kyau, an kafa dandamali a cikin fili, an kira 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, aka zagaya da kofin kowane ɓangare. Sai dai hayaƙin ja da mutane suka kunna ya rufe wa wasu gani na ɗan lokaci, kuma duk wanda ya sayi tikitin jirgin ƙasa na awa ɗaya bayan tashi, ko dai ya rasa bikin ko ya rasa jirgin.

Sufuri dama shi ne rauni na biyu. Filin yana tsakiyar unguwar gidaje, kusan mil biyu daga tashar Lime Street, kuma ba shi da tashar jirgi a jikinsa. A 2024/25 akwai bas mai lamba 917 daga tsakiyar gari a ranakun wasa, akwai Soccerbus, bas ɗin 'yan kallo, daga tashar jirgin Sandhills, ko a sauka Kirkdale a taka. Zuwa ba matsala in an fito da wuri. Dawowa ce ake cunkushewa, har tafiyar ƙafa ta minti 45 zuwa tsakiyar gari takan riga bas isa. Mai mota ya sani titunan kewaye na mazauna unguwa ne masu izini, ana kuma rufe wasu kafin wasa. Ranar wasa ma ba ta da tabbas sai masu talabijin sun zaɓa, wasan Asabar yakan koma Lahadi ko daren Litinin, don haka kada a kama otal da jirgi marasa canji kafin a tabbatar. Wasan ƙarshe ne kaɗai aka san lokacinsa tun farko, domin duk wasanni goma ana take su tare, ƙarfe 4 na yammacin Lahadi.

Kakar ba ta rasa tabo ba. Cikin mako guda a Maris PSG ta fitar da Liverpool daga Gasar Zakarun Turai a bugun fenareti a Anfield, duk da ta gama ta ɗaya a rukunin farko, Newcastle kuma ta doke ta 2-1 a wasan ƙarshe na kofin Carabao ranar 16 ga wata. Kafin nan Plymouth Argyle ta kore ta daga kofin FA. Dogaro da 'yan wasa kusan 14 ya nuna gajiyarsa a lokacin. Ga mai neman ƙwallo mai zafi, wasan ƙarshen kaka ba shi ne zaɓi ba, domin sau da yawa an gama magana kafin ranar, kamar yadda aka gani. Gara ya zuba ƙuri'arsa a wasannin Disamba zuwa Afrilu da ƙananan ƙungiyoyi, inda damar fitowa ta fi yawa, maki suna da daraja, kuma kowane wasa yana ƙara masa tarihin da zai buɗe masa ƙofar manyan wasanni a kaka mai zuwa.