Gargaɗi ga masu tara ƙananan jiragen ƙasa a Gusau da Ƙaura Namoda

Jama'a, akwai wani mutum da ke yawo a Facebook da WhatsApp yana karɓar kuɗin mutane da sunan zai yi musu odar sabbin kawunan jirgi na dizal, irin ƙananan nan na kwaikwayo da muke tarawa, tun kafin su fito kasuwa. Ba shi da kaya ko ɗaya. Ya riga ya ci kuɗin ƙanina, kuɗin da yaron ya daɗe yana tarawa daga aikin gyaran waya.

Abin da ya sa yake kama mutane, ya san harkar. Gaskiya ne kamfanoni irin su Athearn da Atlas da Kato sukan sanar da sabon kan jirgi tun ba a ƙera shi ba, masu so su sa suna wurin dillali, a yi ta jira wata da watanni, wani lokaci fiye da shekara. To a bayan wannan jiran ya laɓe. Ka tambaye shi ina kaya, sai ya ce kamfani ne bai saki ba, kai kuma ka yi shiru don ka san haka ake yi. Amma dillalan gaskiya da yawa ba sa taɓa kuɗinka sai kaya ya iso hannunsu. Shi kuwa rabin kuɗi yake nema nan take a matsayin kafin alƙalami, kuma sunan da ke kan asusun ba nasa ba ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ya san inda zuciyarmu take. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya tuƙe a Ƙaura Namoda tun 1929, kuma da yawanmu a gidan 'yan reluwe muka tashi, can muka ɗauko son jirgi. Sai ya ce wa yaron wai za a fitar da kan jirgi mai fentin hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya, saura gurbi kaɗan. Na bi shafin kamfanin da ya ambata daga sama har ƙasa, babu wannan sanarwa.

Hoton da ya turo ma ya tona masa asiri. Ya ce SD40-2 ne, wani kan jirgin dizal ƙirar Amurka, na ma'aunin HO, wato 1:87, an rage girman na gaske sau 87, wanda tsawonsa ya kai kusan santimita 24, yana hawa dogo mai faɗin milimita 16.5. Na cikin hoton kuwa kwance yake a tafin hannu, bai wuce yatsu ba. Na ma'aunin N ne, 1:160, wanda ya fi HO ƙanƙanta, kuma a ƙasan hoton ana ganin guntun tambarin wani shagon waje da aka yanke. Sannan ga farashi. Kan jirgin HO mai sauti da na'urar DCC ta sarrafa tafiyarsa ya haura dala 200 a can Amurka, ba a sa kuɗin aikowa ba. Nasa farashin ko rabin haka bai kai ba.

Bayan ya karɓi kuɗin farko sai ya dawo da zancen kwastan, wai kaya sun maƙale a Legas. Da yaron ya ce, "Yallaɓai, ka nuna mini takardar," sai ya toshe lambarsa.

Duk wanda ya yi muku tayin oda, ku nemi lambar kayan ku duba ta a shafin kamfanin da kanku. In ya ce kayan na hannunsa, ya nuna muku ta kiran bidiyo, kwali a buɗe. Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi, ya garzaya bankinsa yau ɗin nan da rasit da hotunan hirarsu, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC da ke Sakkwato.