Ofishin Lauya a Kaduna Mai Tantance Takardun Auren Ƙasashen Waje: Ƙarfinsa da Rauninsa

Mafi yawan ofisoshin lauyoyin da suka jeru tsakanin titin Yakubu Gowon da titin Ahmadu Bello da rigimar fili da bashi da neman beli suke ci, amma akwai ɗaya a saman wani bene da ya ware ɓangare guda na aikinsa ga ba da shawara kan aure da yarjejeniyoyin zaman tare da aka ƙulla a ƙasashen waje. Ba zan ambaci sunansa ba, domin akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa. A ganina ofishin ya cancanci kuɗin da yake karɓa, kuma dalilin guda ɗaya ne: lauyan yana gaya wa mutum darajar takardar da ke hannunsa a kowace ƙasa daban, ba ya sayar masa da fatan da doka ba ta ba shi ba.

Yayana Alhaji ne ke da buƙatar, ni rakiya na yi. Ɗansa yana aiki a Ingila, kuma ya aiko da takardu biyu game da zamansa da matarsa. Ta farko shaidar ɗaurin aure ce daga limamin wani ƙaramin masallaci, inda aka yi komai bisa Musulunci, da waliyyi da sadaki da shaidu. Ta biyu kuwa daga ofishin rajista na hukuma ta fito, kuma ba aure aka rubuta a kanta ba, yarjejeniyar zaman tare ce. Wani maƙwabci ya gaya wa Alhaji cewa wannan takarda ta biyu ita ce wadda 'yan auren jinsi suke yi, kuma duk wanda ya shigo da ita Najeriya ɗauri ne a kansa. Ga shi kuma Alhaji yana shirin mallaka wa yaron gida a Unguwar Rimi, yana son ya san matsayin surukarsa da jikokinsa idan ta Allah ta kasance.

Lauyan bai fara da kwantar da hankali ba, da dokar kanta ya fara. Ya ɗauko Dokar Haramta Auren Jinsi ta 2013, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a watan Janairu na 2014, ya karanta ta sashe bayan sashe yana fassarawa da Hausa, kuma da yake dokar gajeriya ce ba a ɗauki lokaci ba. Sashe na 1 ya haramta aure ko yarjejeniyar zama tsakanin jinsi ɗaya, ya kuma ce duk takardar irin wannan da wata ƙasa ta bayar ba ta da inganci a Najeriya, ba kuma wata kotu da za ta tilasta wani haƙƙi da ya taso daga gare ta. Sashe na 3 ya ce auren da ke tsakanin namiji da mace kaɗai ake amincewa da shi. Sashe na 5 ya tanadi ɗaurin shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla, da shekara 10 ga wanda ya ɗaura ko ya shaida ko ya taimaka. A sashe na 7 ya fi jimawa, inda dokar ta bayyana abin da take nufi da yarjejeniyar zama, ta jero sunaye da dama da ƙasashe suke ba ta, har da na Ingila da na Faransa, amma ta fara da sharaɗin cewa tsakanin mutanen jinsi ɗaya ne.

Ya ajiye yatsa a kan wannan layi, ya juya littafin zuwa ga Alhaji, ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗanka namiji ne, matarsa mace ce, saboda haka wannan hukunci bai hau kansu ba. Amma kada ka yi murna tukuna, domin rashin laifi daban, amincewar doka kuma daban."

Daga nan ya bayyana inda ruɗanin maƙwabcin ya samo asali, kuma bai raina shi ba. Birtaniya ta yi dokar yarjejeniyar zaman tare a 2004, ta fara aiki a Disamban 2005, kuma a lokacin masu jinsi ɗaya kaɗai aka yi wa ita. Bayan an fara auren jinsi a Ingila da Wales a Maris na 2014, sai wasu maza da mata suka kai ƙara cewa an bar su da zaɓi ɗaya alhali wasu suna da biyu, kuma daga ƙarshen Disamban 2019 aka buɗe musu ƙofar. A Faransa kuwa, yarjejeniyar da ake kira PACS tun kafuwarta a 1999 a buɗe take ga kowa, kuma mafi yawan masu ƙulla ta namiji da mace ne. Abin da maƙwabcin ya sani gaskiya ne a da, sai dai zamani ya wuce shi.

Wurin da na ga ƙwarewar lauyan sosai shi ne yadda ya nuna cewa takardun nan biyu suna musayar daraja idan suka tsallaka ruwa. A Ingila, takardar rajistar ita ce mai ƙarfi, tana ba matar kusan duk haƙƙoƙin matar aure a gado da haraji da fansho. Ɗaurin auren masallacin kuwa, idan ba a wurin da aka yi wa rajistar ɗaura aure aka yi shi ba kuma ba a cika ƙa'idojin hukuma ba, doka ba ta ɗaukarsa aure. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta tabbatar da haka a Fabrairun 2020 a shari'ar Akhter da Khan, inda wata mata da ta yi shekaru a gidan miji ta tarar cewa ba ta da matsayin da za ta nemi rabon dukiya da shi. A Kaduna al'amarin juyewa yake yi. Babu wata dokar Najeriya da ta ba yarjejeniyar zaman tare matsayin aure ko da tsakanin namiji da mace ce, saboda haka alƙalin kotun Shari'a da ke raba gado ba zai fitar wa mace tumuni ko rubu'i a kanta ba. Abin da zai tambaya shi ne waliyyi da sadaki da shaidu da siga, kuma sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumin aure da gado da wasiyya na Musulmi. Takardar limamin da ba ta da nauyi a Landan ita ce za ta yi magana a nan, muddin za a iya samun shaidun. Kamar kuɗin ƙasashe biyu ne a aljihu ɗaya, kowanne a kasuwarsa yake ciwuwa.

Alhaji ya tambaya, "To Barista, ba sai mu sake ɗaura auren a nan a karɓi satifiket ba?" Lauyan ya ce kada a yi gaggawa, kuma a nan ya ƙara daraja a idona. Ya bayyana cewa dokar Ingila tana ɗaukar wanda ke cikin yarjejeniyar zaman tare a matsayin wanda ba shi da ikon ƙulla aure, saboda haka sabuwar takarda daga Kaduna tana iya jawo wa yaron tambayoyi a wurin hukumar shige da fice ta can. Ya ce shi lauyan Najeriya ne, wannan ɓangare sai an ji ta bakin lauyan Ingila, har ya rubuta tambayoyin da yaron zai yi masa. Ya kuma yi gargaɗi a kan auren kotu, wanda mutanenmu da yawa suke rugawa su yi don neman biza ba tare da sun san igiyar da suka ɗaura wa kansu ba. Auren da aka yi ƙarƙashin Dokar Aure ta 1914 na mace ɗaya ne, ana ba da sanarwar kwana 21 kafin a ɗaura shi, wanda ya ƙara aure a kansa bisa al'ada yana iya fuskantar ɗaurin shekara 5, kuma Babbar Kotu ce kaɗai ke warware shi ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta 1970, ba saki da baki ba.

Batun zama ɗan ƙasa bai ja shi da tsawo ba. Sashe na 26 na Kundin Tsarin Mulki ya ba matar da ta auri ɗan Najeriya damar yin rajistar zama 'yar ƙasa, amma bai ba mijin 'yar Najeriya irin wannan dama ba, kuma shaidar aure ake nema, ba ta zaman tare ba. Yaran kuwa 'yan Najeriya ne ta hanyar mahaifinsu.

Na tambaye shi ko yana samun masu zuwa da takardar auren jinsi daga waje. Ya ce ba zai yi magana a kan wani da ya taɓa zama a wannan kujera ba, amma amsar doka ɗaya ce ga kowa: takardar ba ta ba da gado, ba ta ba da izinin zama, kuma gabatar da ita ga wata hukuma tana iya jefa mai ita cikin hatsari. Ya ƙara da cewa ƙasashe sun bambanta ƙwarai. Holand ce ta fara halatta irin wannan aure a 2001, Afirka ta Kudu ta bi a 2006, Kotun Tarayyar Turai ta yanke a 2018 a shari'ar Coman cewa dole Romaniya ta ba abokin irin wannan auren da aka ɗaura a waje izinin zama ko da ita ba ta yarda da auren ba, Kotun Ƙolin Namibiya ma ta yanke makamancin haka a Mayun 2023 kafin majalisar ƙasar ta mayar da martani da doka. Najeriya tana can ɗaya ƙarshen, kuma ya ambata cewa shugabar hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta lokacin, Navi Pillay, ta soki dokar da kakkausar murya, yayin da manyan ƙungiyoyin Musulmi da na Kirista a cikin gida suka mara mata baya. Duk wannan ya faɗe shi ba tare da wa'azi ko ba'a ba, kuma na ga dacewar hakan, domin wanda ya biya kuɗin lauya doka ya zo ji, malaminsa yana nan idan fatawa yake so.

A kan wannan gaɓa ce babban ƙorafina ya taso. Sashe na 192 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana lauya bayyana abin da wanda yake wakilta ya gaya masa, kuma shi lauyan yana kiyaye wannan, amma akawun da ke zaure ba ya kiyayewa. Ɗakin jiran ƙarami ne, benci biyu suna fuskantar juna, kuma da murya sama yake tambayar kowa abin da ya kawo shi. Da ya karɓi fayil ɗinmu sai ya buɗe, ya karanta kan takardar rajistar a fili, ya ɗaga kai ya ce, "Baba, ku ne masu maganar zaman taren nan na Ingila?" Mutanen da ke benci suka juyo gaba ɗaya, Alhaji ya gyara zaman hularsa bai ce uffan ba. A ofishin da ke taɓa al'amarin da zargi kaɗai yake iya ɓata sunan gida, ko ma ya jawo wa mutum abin da ya fi haka, wannan sakaci ne da bai kamata a bar shi ya kwana ba. Ƙaramin fom da mutum zai cike da hannunsa ya wadatar.

Sauran ƙorafin ba su kai wannan ba. Rubutacciyar shawarar ta zo bayan ranar da aka yi alkawari, kuma da Turancin lauyoyi mai cike da Latin aka rubuta ta, alhali duk bayanin da ya gamsar da Alhaji da Hausa aka yi shi. Taƙaitawa ta shafi ɗaya da Hausa ba za ta ci musu komai ba. Benen ba shi da makama mai kyau, dattijo mai ciwon gwiwa zai sha wahala. Kuɗin ganin lauya an faɗe shi tun kafin a zauna kuma an ba da rasit, amma na kai takardu Abuja don a tantance su an haɗa shi dunƙule, sai da muka nema aka rarraba mana abin da ke na gwamnati da abin da ke ladan ofis. Shi kansa aikin ba ƙirƙirarsa suka yi ba: Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Heg ta 1961 da ta sauƙaƙa tantance takardu da hatimi ɗaya, saboda haka takardar da za ta fita sai ta bi ta Ma'aikatar Harkokin Waje sannan ofishin jakadancin ƙasar da za ta je.

Shawarar da aka ba Alhaji a ƙarshe mai sauƙin aiwatarwa ce. A nemo rubutacciyar rantsuwa daga waliyyin da shaidun ɗaurin auren tun suna raye kuma ana iya samunsu, a ajiye ta tare da takardar limamin. Gidan Unguwar Rimi a yi kyautarsa yanzu, a rubuce, da shaidu, yaron ya karɓa, a kuma canza sunan a hukumar filaye ta KADGIS, domin wasiyya a Musulunci ba ta wuce sulusi kuma ba a yin ta ga magaji. Duk wanda ke da ɗa ko ɗiya a waje kuma takarda irin wannan ta iso hannunsa, ina ba shi shawarar ya je, ya tafi da asalin takardun da kwafinsu a cikin ambulan rufaffe, kuma ya gaya wa akawun cewa Barista kaɗai zai buɗe.