Madubin Debian a ɗakin kwamfuta: rsync tsura ko ftpsync?

Ɗan'uwa mai kula da ɗakin kwamfuta a wata makaranta da ke Ƙofar Ƙaura ya yi tambaya: yana da kwamfutoci 30 masu aiki da Debian, yana son ya ajiye madubin rumbun manhajoji, wato cikakken kwafinsa, a cikin makarantar don kowace na'ura ta daina jan data ita kaɗai. Shin ya rubuta layin umarni guda ɗaya na rsync, manhajar kwafo fayiloli daga wata na'ura, ya sa cron, mai tayar da aiki a lokacin da aka tsara, ta riƙa tayar da shi cikin dare, ko sai lallai ya ɗora ftpsync, manhajar da Debian ta tanada don yin madubi?

Malam, dukansu biyun rsync ne ke yi musu dakon kaya, ta tashar 873. Inda suka rabu shi ne wane kaya ake fara saukewa, kuma nan ne duk matsalar take.

Rumbun Debian gida biyu ne. Akwai pool, inda fakitocin manhaja suke jibge. Akwai dists, inda jerin kayan yake: fayilolin Packages da ke faɗin sigar kowane fakiti da inda yake, da InRelease mai ɗauke da sa hannun Debian da lambobin tantance waɗancan jerin. Shi rsync tsura yana bin haruffa ne a jere, don haka dists zai riga pool sauka. Ka ga an kafa sabon jeri ke nan alhali kayan da ya ambata suna hanya, kamar mai shago a Babbar Kasuwa da ya rubuta kaya a allo tun mota ba ta baro Kano ba. Duk ɗalibin da ya nemi fakiti a wannan tsakanin, "404 Not Found" zai gani. In kuma InRelease sabo ne amma Packages tsoho, apt, manhajar da ke ɗora fakitoci, ta ce "Hash Sum mismatch". Tsarin by-hash, inda apt ke neman jeri da lambar tantance shi maimakon sunansa, ya rage wannan na biyun sosai, amma bai yi maganin na farkon ba.

Shi ftpsync zagaye biyu yake yi. A na farko yana kwaso fakitoci, ya tsallake fayilolin jeri, kuma ba ya goge komai. A na biyu ne yake kawo sabon jeri, sai a ƙarshe ya share tsofaffin fakitocin da madubin da kake ja daga gare shi ya daina ajiyewa. Ka kwatanta wannan da umarnin --delete na rsync tsura, wanda ke gogewa yana cikin tafiya: tsohon fakiti ya tafi, sabo bai iso ba.

Wannan bambanci ya fi ciwo a wurinmu saboda wuta. A ce an ɗauke ta ana tsakiyar aiki, batirin inbata kuma ya ƙare. Mai ftpsync, in a zagayen farko abin ya same shi, wanda shi ne mafi tsawo nesa ba kusa ba, zai wayi gari da jerin jiya da kayan jiya cif. Ɗalibai su yi aikinsu ba wanda ya san an yi wani abu. Mai rsync tsura zai wayi gari da jerin yau da rabin kayan da ya ambata, kuma haka zai zauna har dare ya sake yi. Madubin da ya yi kwana ɗaya a baya ya fi wanda ya tsaya rabi da rabi amfani.

Sai kulle. In layinka na intanet ya yi nauyi har aikin jiya bai ƙare ba cron ta tayar da na yau, rsync biyu za su hau kan fayiloli ɗaya. Da rsync tsura kai za ka tare wannan da flock, umarnin da ke hana aiki na biyu tashi sai na farko ya gama. ftpsync yana ajiye fayil mai suna Archive-Update-in-Progress haɗe da sunan na'urarka, kuma yana duba irinsa a madubin da kake ja daga gare shi. In ya tarar can ma ana cikin sabuntawa, sai ya jira ya sake zagayawa. Wannan na biyun ne masu rubuta nasu layin suka fi mantawa da shi.

Akwai kuma shaidar aiki. ftpsync kan rubuta fayil a project/trace da sunan na'urarka da lokacin da ya gama. Da shi ake gane ko madubi ya tsufa, da kuma a hannun wa ya karɓo. Debian na neman wannan fayil, da zagaye biyun, ga duk mai son shiga jerin madubanta. Ko ba ka da wannan niyya, dubawa ɗaya da safe ta gaya maka ko aikin dare ya kammala.

Saitin ba shi da yawa. A ftpsync.conf ka cika TO da inda za a ajiye kayan, RSYNC_HOST da madubin da ke ba da rsync, MIRRORNAME da sunan na'urarka, sannan ARCH_INCLUDE ka sa amd64 kawai. Ko da haka ɗaruruwan gigabait ne, don haka ka tanadi faifai na terabait 2, kuma jan farko ka yi shi inda layi ke da ƙarfi kafin ka kawo faifan makaranta. Debian na sabunta rumbunta sau 4 a rana, madubai kan fara motsi wajen ƙarfe 4 na asuba, 10 na safe, 4 na yamma da 10 na dare a agogonmu, ko da yake ba a kafe lokutan suke ba. Sau ɗaya a rana ya ishe ka. Ka zaɓi wani minti da ba kan daidai awa ba, kamar 1:37 na dare.

Abu biyu ba ruwansu da wanda ka zaɓa. Kada ka yi wa security.debian.org madubi, Debian da kanta ba ta so, domin gyaran tsaro bai kamata ya kwana a hanya ba. Bar kwamfutocin su je can kai tsaye. Kuma ka duba agogo: tsohuwar kwamfutar da batirinta CR2032 ya mutu takan tashi da kwanan wata na shekarun baya, apt ta ƙi jerin ta ce lokacinsa bai yi ba. Canza batirin, ka ɗora chrony, manhajar daidaita agogo.

Tsakanin biyun da ka ambata, ftpsync. Amma fa kwamfutoci 30 da ke ɗora kusan manhajoji iri ɗaya kashi kaɗan na rumbun kawai za su taɓa, sauran duk datar makaranta ce ke ƙonewa. Ga wata hanya ta uku: apt-cacher-ng, wanda yake ajiye abin da aka nema kaɗai: na'ura ta farko ta jawo daga intanet, 29 su karɓa a gida. Ka ɗora shi a kwamfuta ɗaya, a sauran ka rubuta Acquire::http::Proxy da adireshinta da tashar 3142 cikin /etc/apt/apt.conf.d, ka kuma bar adireshin rumbunan a http, domin abin da ya bi ta https ba ya iya ajiye shi. Sa hannun InRelease na nan yana tsare ka. Cikakken madubi sai in ana kwanaki ba layi kuma ana son kowace manhaja ta samu a kowane lokaci.