Tsohon Märklin na layin M: jirgin ya ci kuɗinsa, taransfomar kuwa a bar ta

Akwatin tsohon jirgin ƙasa na wasa da aka fi cin karo da shi a kasuwar gwanjon intanet ta Jamus kusan iri ɗaya ne. A ciki akwai baƙin kan jirgi mai lamba 3000, tarago biyu ko uku, lanƙwasassun layuka goma sha biyu da 'yan miƙaƙƙu na kwano, irin da ake kira layin M, da wata shuɗiyar taransfoma mai nauyi. Kamfanin Märklin na garin Göppingen ne ya ƙera su. An kafa shi a 1859, ya fara fitar da jirgi mai faɗin layi milimita 16.5 a 1935, wanda daga baya aka sa wa suna H0, wato komai an rage shi sau 87. Mutum mai tsawon mita 1.75 yana komawa santimita 2 ke nan. Ga mai son shimfiɗa irin wannan jirgi a ɗaki, kan jirgin abin saya ne ido rufe, layin sai an tantance, taransfomar kuma ko kyauta aka ba ka kada ka jona ta a bango.

A fara da taransfomar, tunda ita ce mai iya kisa. Shuɗayen nan masu jikin ƙarfe, irin su 280 A, an yi su ne don wutar bolt 220, kuma robar da ta rufe wayarsu ta shekara hamsin ko sittin tana bushewa. Daga waje sai ka ga waya lafiya lau, amma a ciki, daidai inda ta shiga akwatin, robar ta farfashe kamar busasshen ganye, kuma idan tsirarar waya ta taɓa jikin ƙarfen, hannun da ke kan maɓallin ne zai sha. Matsala ta biyu ta fi ɓoyuwa. Jirgin Märklin na wancan zamani yana tafiya da wutar AC har zuwa bolt 16, kuma ana juya masa akala ne da ɗan bugun wuta na kimanin bolt 24, wanda ake bayarwa da maɓallin taransfomar. A jona tsohuwar taransfoma a wutar bolt 230 ko 240, bugun nan sai ya haura, ya ƙona kwan fitila, ya kuma kashe duk wani sabon kan jirgi mai na'urar dijital a cikinsa. Wadda ta dace ita ce farar nan mai jikin roba, lamba 6647, mai ƙarfin VA 32 (VA awon ƙarfin wutar da take iya bayarwa ne), da aka yi don bolt 230. Tana ɗaukar kan jirgi biyu ƙanana da 'yan fitilu, domin kan jirgi ɗaya yana cin kimanin VA 10, kwan fitila kuma 1 zuwa 1.5. Filoginta na Turai ne mai baki biyu, don haka a Najeriya da Gana sai da adafta. Inda ake amfani da janareta kuwa, a sa sitabilaiza a tsakani.

Kan jirgin 3000 shi ne abin yabo a akwatin. Ya fito a 1953 da sunan CM 800, aka sake masa lamba a 1957, kuma an sayar da miliyoyinsa, shi ya sa ba ya tsada har yau kuma kayan gyaransa ba sa wuyar samu. Jikinsa roba ce, ƙasansa ƙarfe, noti ɗaya ke riƙe da murfin. In ka buɗe ba abin da ya ɓuya: injin, haƙoran giya, da ɗan rilen da ke juya akala, duk a fili.

Yawancin waɗanda ake cewa sun mutu ba su mutu ba. Alamar ita ce fitila ta kama, injin yana gurnani, ƙafa ba ta juyawa. Tsohon mai ne ya daskare a cikin giya ya zama kamar ƙaro. Kada a ƙara wuta don a tilasta masa, kwayil ne zai ƙone. A cire murfin, a wanke giyar da sifirit da ɗan burushi har ƙafafun su juya da yatsa, a bari ya bushe, sannan a ɗiga mai. Ɗigo ɗaya a kowane bakin sandar injin, ɗaya a kan giya, ɗaya a kowane gindin ƙafa, da bakin allura. Man kamfanin lambarsa 7149, amma man keken ɗinki mai kyau yana yi. Man girki da baƙin mai na mota ba sa yi. Wanda ya cika mai zai ga ya gangara kan faifan tagullar da ke cikin injin, ya cakuɗe da garin gawayi, ya toshe 'yan ramukan da ke tsakanin yankunan faifan, daga nan sai tartsatsi da wari. Tsinken sakace ne maganin ramukan.

Abubuwa uku ke cinyewa, kuma gara a saye su tun farko tare da akwatin. Burushin injin, lamba 60030, guda biyu ne, ɗaya na gawayi ɗaya na saƙar tagulla. Zoben robar ƙafa, lamba 7154, wanda idan ya bushe jirgin sai ya riƙa murza ƙafa a wuri ɗaya ba ya jan kaya. Sai takalmin ƙarfen da ke ƙarƙashin ciki yana shafar tsakiyar layi, lamba 7185. In ka ɗaga jirgin, ya kamata takalmin ya zarce bakin ƙafafun da kusan milimita 2. Idan tsakiyarsa ta cinye ta yi kwari, zai riƙa tsayawa a kan mararraba, a canza shi kawai.

Rilen juya akala yana da ɗan sifirin siriri, kuma halin jirgin duka a wurinsa yake. Idan jirgin yana juyawa da kansa ko ya tsaya yana ƙugi lokacin da aka ba shi wuta sosai, sifirin ya saki, a ɗan rage tsawonsa. Idan kuma ka ba shi bugun juyawa ya zabura a guje bai juya ba, sifirin ya yi tauri. Ɗan tsallen da tsofaffin ke yi kafin su juya, wanda Jamusawa ke kira tsallen bunsuru, ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera su.

Mai neman abin da ya girmi 3000, wato kawunan jirgi na ƙarfen tutiya na shekarun 1930 zuwa farkon 1950, ya duba hoton da kyau. Wasunsu suna da cutar tutiya, wadda gurɓatar ƙarfen da dalma tun a masana'anta ke jawowa: jikin ya kumbura, ya tsattsage, ya rududduge. Ba ta da magani, laima kuma tana hanzarta ta.

Layin M shi ne inda ra'ayi ya rabu. Kwano ne aka lanƙwasa, aka buga masa hoton tsakuwa da katakon layi a jiki. Tun daga 1956 ya zo da ƙananan ƙusoshi a tsakiya maimakon dogon ƙarfe na uku da na da ke da shi, kuma su ne ke ba da wuta, ƙarafan gefe biyu da jikin kwanon su mayar da ita. Amfanin wannan tsari babba ne ga mai koyo: kana iya juyo da layi ya koma kan kansa ba tare da wuta ta haɗu ba, abin da ke ba masu layi mai ƙarfe biyu ciwon kai. Amma ƙafafun taragon Märklin ba a raba su da roba ba, don haka ba sa hawa layin wasu kamfanoni masu wutar DC.

Awon yana da sauƙin riƙewa. Miƙaƙƙe mai lamba 5106 milimita 180 ne. Lanƙwasasshe 5100 guda goma sha biyu ke yin da'ira, faɗinta daga waje santimita 76. Na 5200 ya fi buɗewa, da'irarsa kimanin santimita 91, kuma tazarar da ke tsakanin da'irorin biyu milimita 77.4 ce. A kan falankin filawud na kasuwa mai santimita 122 da 244, zagaye biyu suna shiga sarai: miƙaƙƙu bakwai a kowane gefe su ba ka tsawon santimita 217, ya rage wurin gefe don kada jirgi ya faɗo ƙasa in ya kauce. Akwai ƙaramin lanƙwasa 5120 mai guda takwas a da'ira. 3000 yana bin sa ba gardama, amma dogayen taragon fasinja na santimita 24 ba sa jin daɗinsa, a bar shi don lungun masana'anta.

Aibinsa na farko tsatsa. Layin da ya kwana a ɗakin ƙasa mai laima yakan yi ja a kan ƙarfe da kan ƙusoshin. Tsatsa ta sama-sama tana fita da robar goge layi. Sanfefa mai kaushi tana kankare rufin ƙarfen, bayan damina ɗaya tsatsar ta dawo fiye da da. Soson ƙarfe ya fi muni, domin gashinsa yana maƙalewa a ƙarƙashi ya haɗa wuta. A juya kowane layi a duba bayansa: akwai ɗan kwali da ke raba ƙarfen tsakiya da jikin kwanon, idan ya ruɓe ko ya zame, layi ɗaya tak zai kashe zagayen duka, kuma nemo shi bayan an ɗaure komai aiki ne ja. A gwada kowanne da mitar gwada wuta kafin a shimfiɗa. Wanda tsatsa ta ci harshen haɗinsa a jefar, layin M ya yi arha da za a ɓata rana a kansa. Mai saye ya ƙiyasta cewa wani kaso na akwatin zai tafi bola, ya sayi fiye da bukatarsa.

Aibi na biyu ƙara. Kwano ne mai rami a ciki, an ɗora shi a kan falanki, ganga ke nan. Wasu don wannan ƙarar suke son sa, amma mai ɗaki kusa da na barci ya shimfiɗa abin toshe ƙara mai kaurin milimita 2 zuwa 3 a ƙasa, ya kuma rage noti, tunda kowane noti yana kai ƙarar cikin katako. Ɗaya a kowane layi na uku ya isa, kuma kada a ɗaure tam, kwanon yana lotsawa. Falankin ya kai kaurin milimita 10 ko 12, da ƙwarangwal na katako a ƙasa kowane santimita 40, in ba haka ba zai banƙare. A shafa wa katakon maganin gara tun kafin a fara.

Wayoyin launinsu ne ke faɗin aikinsu. Ja zuwa ƙusoshin tsakiya, ruwan ƙasa zuwa jikin layi, rawaya don fitilu da mararraba, shuɗaye biyu daga kowace mararraba zuwa akwatin maɓallai mai lamba 7072. Akwatin gwanjo yakan zo da layin shigar wuta ɗaya, 5111 ko 5131, kuma bai isa ba. Kowane haɗi yana cin wuta kaɗan, sai ka ga jirgi yana gudu kusa da taransfoma yana jan ƙafa a can nesa. A ƙara shigar wuta kowane mita biyu. Mararrabar lantarki, 5117 ko 5202, ba ta yanke wa kanta wuta, don haka taɓa maɓallin ake yi a saki. Yaro ya danne shi na ɗan lokaci, kwayil ya soye.

Wajen ado, layin M yana da iyaka, kuma gara a yarda da ita. Ba ya kama da layin gaske kamar layin K na 1969 ko layin C na 1996 da kamfanin ya fitar daga baya, kuma duk wanda ya yi ƙoƙarin lulluɓe shi da tsakuwa da ruwan gam ya gayyato tsatsa ne. Launin tsakuwar da aka buga masa ma ya bambanta daga shekara zuwa shekara, don haka a ware masu kama da juna a gaba, sauran a tura cikin ramin da jirgi ke bi ta ƙarƙashin dutsen ado. Abin da ya fi karɓar sa shi ne adon zamaninsa: tabarmar ciyawa ta kamfanin Noch, 'yan gidajen kamfanin Faller ko Kibri ko Vollmer, tashar ƙauyen Jamus da coci da 'yan itatuwan fir. Dusar katako da aka rina da koren fenti aka shanya tana ba da irin wannan kama a arha. A gauraya farin gam da ruwa rabi da rabi, a ɗiga sabulun ruwa kaɗan don ya ratsa, a shafa, a barbaɗa ta rariya, a rufe layin da tef kafin a fara.

Dutse ana yin sa da saƙar yankakken kwali, a lulluɓe da jarida da aka tsoma a kwaɓin garin POP, kimanin awo biyu na gari da ɗaya na ruwa, kaɗan-kaɗan saboda yana daskarewa cikin mintuna. Kafin a rufe bakin rami a tura tarago mafi tsawo ta cikin kwanar da hannu, domin cikinsa yana leƙowa ciki, goshinsa waje. A bar ƙofa a baya wadda hannu zai shiga, jirgi a cikin rami yake son kaucewa. Hawa kada ya wuce santimita 3 a kowane mita. Don layi ya ƙetare wani yana bukatar tashi kimanin santimita 8, wato miƙaƙƙu goma sha biyar, kuma a kan falanki ɗaya wannan ya cinye rabin wurin, shi ya sa shimfiɗa a kwance ta fi dacewa da 3000 da ƙananan ƙafafunsa.

A ƙasar da ake hunturu, ƙura ce za ta fi tsatsa damun mai shi wata uku zuwa huɗu a shekara. Tana haɗuwa da man da ke kan ƙafa ta zama baƙin danƙo, jirgi ya fara sarƙewa. Zanen gado a rufe falankin duk lokacin da ba a wasa, kawunan jirgi a mayar cikin kwalinsu, a kuma bi layin da tsumma mai ɗan sifirit kafin a kunna. An daina ƙera layin M a farkon shekarun 2000, amma wanda ya so faɗaɗawa da sabon layin C akwai layin haɗi mai lamba 24951, kuma 3000 yana bi ta kansa ba tare da an taɓa masa komai ba.